Tambaya da Amsa: Wai da gaske ana haɗa furogiram da zane kawai?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni mai kiwon kaji ne a unguwar Zariya nan Maradi, ina da injin ƙyanƙyasar ƙwai, kullum cikin dare sai na tashi duba zafi. Wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko ya ce mini kwamfuta na iya riƙa auna zafin tana rubutawa da kanta, wai kuma zane kawai ake yi. Gaskiya ne ko cika bakin 'yan lakwal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Yaron bai yi maka ƙarya ba. Abin ma ya girme shi, tun 1986 kamfanin National Instruments na Amurka ya fito da manhajar LabVIEW, inda maimakon rubuta layukan umarni sai ka jera 'yan akwatuna a allo ka haɗa su da zanen waya irin ta lantarki, wannan ya karanto zafi, wancan ya gwada da iyakar da ka sa, na gaba ya adana. Ka ɗauke shi kamar ban ruwa a Jiratawa, lamba na bin waya yadda ruwa ke bin kwalbati, kuma akwati ba ya motsi sai duk abin da yake jira ya iso masa.

Amma fa kai ba zan tura ka LabVIEW ba, akwai na kyauta tun 2020 amma ba na kasuwanci ba ne, kai kuwa tsaki kake saidawa. Nemi Node-RED, shi ma zanen akwatunan ake yi, ma'aikatan kamfanin IBM suka fara shi a 2013, kyauta ne, yana tafiya a kan 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi. Sai ka sayi ma'aunin zafi DS18B20, ka sa ya karanta duk minti ɗaya ya zuba a fayil, in zafi ya kauce daga wajen digiri 37.5 da ƙwan kaji ke so ya turo maka saƙo a Telegram. Kar ka sa shi karatu ba hutu, zafi ba ya canzawa da ƙiftawar ido, fayil kawai zaka cika.

Inda mutane ke faɗuwa kuwa ba wajen zanen ba ne. DS18B20 kansa yana iya kuskuren rabin digiri, a ƙwai kuwa rabin digiri ba wasa ba ne, don haka gwada shi da ma'aunin zafi na asibiti tukun, kuma ka aje shi daidai tsayin ƙwan ba kusa da abin dumama ba. Sannan kuran, wato wutar lantarki, ƙyanƙyasa kwana 21 ce fa, in ya ɗauke da ƙarfe biyun dare kwamfutar ta mutu wa zai turo saƙon? Haɗa ta da batir kafin ka zuba ƙwai.