Amsar Dakta ga Malama kan darasin ba da shawarar kasuwanci (an rubuto daga muryar da ya turo)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Malama, na saurari tambayarki: an ba ki ɗaliban MBA, wato masu digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, ki koya musu warware matsalolin kasuwanci da aikin ba da shawara, amma duk aikin da kika bayar sai su zana miki akwatuna huɗu na SWOT, wato ƙarfin sana'a, rauninta, damar da ke gabanta da barazanar da ke kanta, su miƙo. To, haka suke yi a ko'ina, don SWOT ba ya buƙatar mutum ya tashi daga kan kujera.

Labaran kamfanoni irin na jami'ar Harvard ta Amurka, waɗanda suka fara koyarwa da su tun wajen 1921, suna da amfani, ban ce ki watsar ba. Amma can an riga an tattaro wa ɗalibi alƙaluma an jera masa a bayan takarda. Mu nan Katsina rabin aikin shi ne samo alƙaluman. Saboda haka ki raba su huɗu-huɗu, kowane rukuni ya nemo sana'a ta gaske: gidan burodi, mai sayar da taki a babbar kasuwa, ko dillalin shanu a Mai'adua.

Abu na farko da za su koya, kukan mai sana'a daban, matsalarsa daban. Kamar mara lafiya ne da zai shigo ya ce a yi masa allura, alhali ba a ma auna shi ba. A ce mai gidan burodi ya ce musu riba ta ragu, talla yake so a rediyo. Kada su rubuta "talla". Su fasa maganar gida biyu: kuɗin da ke shigowa da kuɗin da ke fita. Na shigowa kuma, yawan burodi ne ya ragu ko farashi ne bai motsa ba? Na fita, fulawa ce, sukari, itace, albashi, ko man babur ɗin da ke rarrabawa, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023? Ƙa'idar ita ce kada reshe biyu su hau kan abu ɗaya, kuma kada a bar komai a waje. Barbara Minto ce ta tsara wannan a McKinsey, kamfanin ba da shawarar kasuwanci, amma ba sai sun haddace sunanta ba.

Daga nan su yi hasashe, su fita su gwada shi. Nan ne aikin yake, Malama. Alhaji ba zai buɗe wa yaro littafinsa ba, wani ma ba shi da littafin, kuɗin cefane da na fulawa aljihu ɗaya suke. Sai dabara. Su je da asuba su ƙirga buhun da aka kwaɓa. Su bi mai babur su ga nawa ya sauke, nawa ya dawo da shi kwantai. Su zauna wajen masu shayi su ji nawa ake bin su, tun yaushe. Sau da yawa za a tarar ciniki lafiya lau yake, bashi ne ya cinye jarin. Kuma ki sa su yi ta tambayar "me ya sa" har sau biyar, yadda 'yan Toyota ke yi, ban da ɗaga murya, ban da nuna wa dattijo boko.

Wajen maki kuwa, ni ba na karɓar shafi arba'in. Shafi ɗaya, amsa a layin farko, dalilai uku a ƙasa, da abin da za a fara ranar Litinin da nawa zai ci. Su tsaya gaban mai sana'ar su faɗa masa da Hausa, ke kina gefe kina saurare, shi ma ki ba shi kaso ya saka musu maki. Sai dai ki gargaɗe su tun ranar farko: sirrin dukiyar mutum amana ce, wanda ya kai shi majalisa ya faɗi darasin.

In kin shigo Asabar ki biyo ofis, zan ba ki takardar da nake raba musu kafin su fita. Sai da safe.