Hotunana suna ƙonewa in na ɗauka a rana

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Yayana ne ya bar min kyamararshi Nikon, kullum a oto nake ɗauka, to ranar Hawan Daushe na ce bari in gwada manuwal, wallahi hotunan suka fito fari fat kamar an zuba musu nono, waɗanda suka tsira kuma dokin ya yi dishi-dishi. Don Allah ta ina zan fara? Ƙaninka daga Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kai ma dai, ranar hawa ake fara koyo? Abu uku ne kawai, ISO wato yadda kyamara ke saurin jin haske, da afaca wato faɗin ƙofar da haske ke shiga, sai shata wato tsawon lokacin da hasken zai yi yana shiga. Ranar Kano ba ta wasa, ka bar ISO a 100. Tun zamanin fim masu hoto suna da lissafinsu, in rana ta take babu gajimare sai afaca f/16 da shata 1/125 na sakan. Lambar f in tana raguwa ƙofar buɗewa take yi. Amma doki a sukuwa ba zai jira ka ba, don haka duk matakin da ka buɗe ƙofar sai ka ninka saurin shata, f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, hasken duk ɗaya ne amma a na ƙarshen ne ƙafar doki za ta fito tsaf. Kuma Daushe da la'asar ake yi, rana tana sauka hasken yana raguwa, a nan sai ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800, kar ka taɓa shatar.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne fararen kaya. Mitar kyamara, wato ma'aunin hasken da ke cikinta, so take komai ya zama ruwan toka, in hoton ya cika da farar shadda da rawuna sai ta ce maka haske ya yi yawa, ka biye mata fuskoki su fito baƙi ƙirin. Ƙara hasken mataki ɗaya kan abin da ta ce. Sikirin ɗin baya kuma ni ban yarda da shi a rana ba, histogiram nake dubawa, wato zanen da kyamara ke nuna yawan hasken hoto da shi, duhu a hagu haske a dama, in ya taru ya manne a bangon dama to shaddar ta ƙone, ba gyaran da zai dawo da aikin wuyan.

Kafin wata sallar ka tsaya bakin titi ka dinga gwadawa da adaidaita sahu. In hunturu ya shigo da hazo ka fara daga f/11 ko f/8 a maimakon f/16 ɗin nan mai shata 1/125, kuma kar ka kwance lens a waje, ƙura ce za ta cika maka kyamara.