Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske salansa na kashe ƙarar bindiga ɗungurungum?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Don Allah wannan abin da ake ɗaurawa a bakin bindiga a fina-finai, mutum ya harba ka ji ɗan "fit" kawai na ɗakin kusa ma bai farka ba, ya kamfanoni ke ƙera shi, kuma ta yaya suke gane mai kyau ne kafin su sayar? Musu muka yi da abokina har muka kusa ɓatawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka faɗa min ɓangaren da ka tsaya ba, amma duk wanda ya ce salansa na sa bindiga ta yi shiru a cikinku to ya sha ƙasa, wancan "fit" ɗin aikin masu haɗa sauti ne. Bindigar farauta ko ta soja ƙararta na kaiwa desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 160 ko fiye, salansa mai kyau kuma abin da take ragewa bai wuce 20 zuwa 35 ba, kenan ana saura da 130 da wani abu, alhali daga 140 harbi ɗaya tak na iya lalata kunne. Ka ga ai ba shiru ba ne, daga mai kurmantarwa aka dawo da ita mai firgitarwa. Sannan harsashin da ya fi sauti gudu, wato ya haura mita 343 a daƙiƙa, shi kansa yana yin wani "tas" a iska wanda babu salansar da za ta hana.

Wanda ya fara sayar da ita a kasuwa Ba'amurke ne, Hiram Percy Maxim, ya yi mata rajista a 1909, kuma shi ɗin dai ya yi aiki kan salansar mota, to dabarar ɗaya ce: iskar albarushi mai zafi da ke fitowa da ƙarfin tsiya a ba ta ɗakuna-ɗakuna cikin bututu ta bazu ta huce kafin ta fita waje.

Wajen ƙira, ƙarfen da za a zaɓa ya danganta da bindigar. Ƙananan harsasai alminiyom ya ishe su, maharba da ke yawo da bindiga a kafaɗa sun fi son taitaniyom saboda rashin nauyi, su kuwa na soja da ake ɓarin wuta ba ƙaƙƙautawa sai ƙarfe mara tsatsa ko Inconel, wanda ake sawa a injin jirgin sama don jure zafi. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa su ke fere sassan, a haɗa da walda ta leza ko ta mutum-mutumi, yanzu ma wasu kamfanonin buga ta suke gaba ɗaya da firintar 3D daga garin ƙarfe, ba walda ko ɗaya.

Amma ni a ganina inda ake gane kamfanin kirki shi ne wajen gwaji, kuma abin da ya fi hana su barci ba ƙara ba ne, miƙewa ce. Dole ramin salansa ya zauna daram kan layi ɗaya da bakin bindiga, don in ya karkace ko da ƙiris harsashi zai daki cikinta, ta fashe ko harsashin ya kauce ya tafi inda ba a aike shi ba, shi ya sa ake zura wani siririn sandan awo ta cikin bindigar ya leƙo ta ƙarshen salansa a duba ko yana tsakiya cif. Daga nan sai azabar wuta, a ɗauki samfuri a yi ta harbi a jere har ƙarfen ya yi jajir kana ganinsa da ido, a bari ya huce a duba walda ko ta tsage, a duba shingen farko cikin waɗanda suka raba ɗakunan bututun, wanda wuta ke fara duka, nawa ya cinye. Ana kuma duba ko ɗaura ta ya sauya inda harsashi ke sauka, da yawan hayaƙin da take korowa baya fuskar mai harbi, wanda masu amfani da ita ke yawan ƙorafi a kai.

Awon ƙara kuma akwai tsarin sojan Amurka, MIL-STD-1474, makirfo na musamman mita 1 a gefen bakin bindiga, mita 1.6 daga ƙasa, wasu su ƙara wani daidai kunnen mai harbi. Harbin farko yakan fi sauran ƙara saboda iskar oksijin da ke kwance a ciki tana kamawa da wuta, don haka sai an yi da yawa a ɗau matsakaici. Nan ne fa 'yan talla ke wayo, kowa da harsashin da ya gwada da inda ya dasa makirfonsa, lambar da ke jikin kwali kaɗai ba ta isa hujja ba.

Batun doka kuwa kowace ƙasa da nata, Amurka tun 1934 ta sa ta cikin kayan da sai da rajista har da harajin dala 200 a lokacin, wasu ƙasashen sun haramta ta kwata-kwata, a Finland da Norway kuma maharba na amfani da ita sosai don kare kunnuwansu da na karnukansu.