Amsa ga Hajiya: kafin ki biya kuɗin repetisiyon

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a wannan Bak, wato shaidar kammala sakandare, da yarinya ta samu. Kin ce za ta fara shekarar farko a jami'ar Ngaundere, kuma an ba ki shawara ki biya mata repetisiyon, wato ƙarin darasi na kuɗi a wajen aji, tun yanzu don kar ta faɗi. A Dang, inda jami'ar take, na yi lisans, wato digirin farko, kuma tun daga lokacin nake zama da ƙannenmu na Garwa da Marwa masu shigowa, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ki riƙe kuɗin tukuna. Wanda ya tsallake Probatuwar, jarrabawar da ake yi shekara guda kafin Bak, ya kuma ci Bak, kansa yana ja. Abin da ke kayar da yaranmu a zangon farko shi ne yadda ake ba da karatun. A lise, wato sakandare, malami yana yin shifta a hankali, yana kiran suna, ya san wanda bai zo ba. A amfi kuwa, wato babban zauren lacca na jami'a, malami zai kama makirufo ya yi ta zuba Faransanci awa biyu ko uku a gaban ɗaruruwan ɗalibai, ba ruwansa da wanda aka bari a baya. Yarinyar da ta tashi da Hausa a gida da Fulatanci a kasuwa tana iya karanta Faransanci sarai, amma kama shi da kunne cikin wannan gudu, hannu kuma yana rubutu, wani abu ne daban da sai an koya.

Ga yadda ake koyonsa. Ta je da wuri ta samu kujerun gaba. Kada ta bi kowace kalma. Ta kama kanun magana, da ma'anonin da malami ya maimaita, da misalansa, ta bar fili a gefen takarda. A daren ranar, ba ranar Lahadi ba, ta zauna da ƙawaye biyu ko uku su haɗa littattafansu su cike giɓi. Sannan kowacce ta rufe littafi ta bayyana wa sauran darasin da Hausa. Wannan na fi ba muhimmanci, domin hadda tana ruɗin mutum: sai ya ga kamar ya gane, alhali jimlolin malami kawai ya riƙe. Wadda ta iya faɗinsa da Hausa ta gane shi, sai ta sake rubuta shi a taƙaice da Faransanci, tunda da shi za a yi jarrabawa. Idan ƙungiyar ta wuce mutum huɗu ta zama hira.

Ya kamata ke ma ki san tsarin, Hajiya. A LMD, wato tsarin lisans, masta da dakta, lisans shekara 3 ne, zango 6, kowane zango kiredi 30 (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi), jimla 180. Ana neman 10 cikin 20 a ci darasi, kuma makin ba na babbar jarrabawa kaɗai ba ne. Akwai gwajin tsakiyar zango da ake kira CC, wanda a sassa da yawa yake ɗaukar kashi 30 cikin 100. Yana zuwa da wuri, lokacin da sabbin ɗalibai ke ta neman ɗaki da gano inda azuzuwa suke. Wanda ya zubar da shi, ko da ya yi ƙoƙari a ƙarshe, sau da yawa sai ya dangana da ratrapaj, wato jarrabawar maimaici.

Taimakon da kike nema kuma yana cikin sefa 50,000 ɗin rajista. TD, wato ƙananan azuzuwan aikin gwaji, nan ne ake iya ɗaga hannu a yi tambaya. Ta gwada aikin kafin ta shiga, ko da ba daidai ba, don kwafar gyara daga allo ba ya zama a kai. Idan sashenta yana da darasin dabarun karatun jami'a, wanda ke koyar da ɗaukar rubutu, taƙaitawa, bincike a laburare da tsara amsa, ta riƙe shi da kyau. Abin yana ba ni takaici yadda yara ke raina shi saboda kiredinsa kaɗan ne, alhali a shari'a ko tarihi amsa marar tsari tana zubar da maki ko da ilimin yana ciki. Haka darasin Ingilishi na dole. Ta shiga WhatsApp ɗin ajinsu, ta san delege, wato wakilin aji, ta riƙa duba allon sanarwa da idonta, domin idan maki ya fito da kuskure ko ya ɓace, lokacin shigar da reket, wato takardar ƙorafi, gajere ne.

Idan CC ya fito aka ga darasi guda ya gagara, misali lissafi, a nan ne biya yake da amfani. A nemi ɗaliba ko ɗalibin masta na sashen, wanda malamin TD ya yaba, don wannan darasin kaɗai. Tsofaffin tambayoyi suna da kyau idan ta amsa su da agogo a gabanta. Masu sayar da su haɗe da amsoshin haddacewa kuwa ta guje su.

Kafin nan, kuɗin ya fi amfani a ɗaki kusa da makaranta, da fitila mai caji, da na fotokofi, da bargo, don sanyin Ngaundere ba irin na Garwa ba ne. In kin kira ta, maimakon "yaya karatu", wanda amsarsa kullum "lafiya lau", ki tambaye ta me suka yi a TD wannan makon, kuma da wa take bita. Ki sanar da mu sashen da ta samu, akwai 'yan uwa a nan da suka bi ta can, sai a haɗa ta da babbar ɗaliba.