Gidan da sai da Sallah ake zuwa, a ci gaba da biyan intanet?

Malam, ka ce gidanka na Kano sai hutun Sallah kuke sauka amma duk wata kana biyan kuɗin intanet. Gaskiya asara ce, ka dakatar kawai. In kwantiragi ka sa wa hannu fara duba ko akwai tarar fita kafin wa'adi. Ka nemi rauta (ƙaramar na'urar da ke raba intanet a gida) mai sim ta MTN ko Airtel, in kun zo a saka data na wata ɗaya, in kun tafi shikenan, sai dai kar ka bar layin ya yi watanni ba ko kati don suna rufe shi, ka riƙa tura masa ko ɗari biyu. In kuma akwai kyamarar tsaro a gidan to dole ka bar ƙaramin data, da sola, tunda wutar NEPA ba tabbas.