Wannan kuɗi ne ko lambar yabo ta wasanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Cikin tsofaffin sulallan da marigayi mahaifina ya tara na tsinci wani ƙarfe da ya sha bamban da saura. Faɗinsa kamar santimita 3, ba sunan ƙasa, ba adadin kuɗi. A gaba akwai mutum yana gudu cikin zoben ganye, a sama kuma ƙaramin kunnen ratayewa da zobe. Bayansa fili ne, sai wasu ƙananan tambura a ƙasa: zaki, wani abu kamar ƙugiya, da harafi ɗaya. Wani ya ce mini ta Olamfik ce. Ya yi baƙi, in goge shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka goge, zan zo kan wannan.

Lambar yabo ce. Kuɗi kan ɗauki sunan hukumar da ta buga shi da darajarsa, kuma ba a yi masa kunnen ratayewa. Sai dai batun Olamfik ka cire shi daga ranka. Lambobin Olamfik sun fi wannan girma, suna ɗauke da sunan birni da shekarar gasa, kuma sai a gasar Roma ta 1960 aka fara rataya su a wuyan ɗan wasa. Hoton mai gudu da zoben ganye ba ya nuna komai, domin maƙera sun buga irinsa dubbai suna sayar wa makarantu, kulob-kulob, rundunonin soja da kamfanoni.

Labarin yana wajen tamburan nan da ka kusa rainawa. Zakin da ke tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage shaidar Ingila ce cewa azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. Abin da ka kira ƙugiya anga ce ta jirgin ruwa, tambarin ofishin gwajin azurfa na Birmingham, wanda aka buɗe a 1773. Abin dariya, birnin ba ya bakin teku. Da a Landan aka gwada ta, kan damisa za ka gani. Da a Sheffield ne kafin 1975, kambin sarauta.

Harafin kuwa shekara yake nunawa, amma a nan mutane ke faɗawa rami. Idan haruffa suka ƙare sai a koma farko, saboda haka harafi ɗaya na iya zama shekaru da dama masu tazarar kusan 25. Abin da ke raba gardama shi ne babban baƙi ne ko ƙarami, salon rubutunsa, da siffar ɗan filin da aka buga shi a ciki. Samu gilashin ƙara girma, ka ɗauki hoto a hasken rana, ka gwada da jadawalin haruffan Birmingham kaɗai, don kafin 1975 kowane ofishi da nasa jerin. Ka sani kuma shekarar gwajin azurfar ce za ka samu. Lambar na iya kwana biyu a shago kafin a ba wani.

Ka sake dubawa da kyau, ya kamata a sami tambari na huɗu, haruffan sunan maƙerin. Kamfanonin Vaughton na Birmingham da Fattorini suna cikin waɗanda suka fi buga irin waɗannan.

Daga girmanta da kunnen nan, na fi zaton irin wadda maza ke maƙalawa a sarƙar agogon aljihu ce, wani yayi da ya yi ƙarfi daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930. Tunda bayanta fili ne, ba a zana sunan kowa ba, gano gasar da aka ba da ita zai yi wuya ƙwarai, kuma kuɗinta ba zai zarce na azurfar da yawa ba. Ka leƙa gefenta, wani lokaci a can ake zana sunan.

Baƙin nan sinadarin da ke cikin iska ne ya haifar da shi, kuma masu tara irin waɗannan kaya sun fi son ganinsa. Man goge ƙarfe yana cin saman azurfa, tamburan ne kuma farkon abin da ke shafewa. Idan datti ne, ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun isa, ka tsane da tsumma mai laushi, sannan ka ajiye ta ita kaɗai a ambulan ɗin takarda don kada sulallan su kakkarce ta.