Amsa Ga Ɗana a Kan Amurkawa da Sanin Duniya

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya yadda ake so, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi fiye da sau ɗaya. Ka ce wani abokin karatunka ya tambaye ka ko Nijar da Nijeriya ƙasa ɗaya ce, wata kuma ta roƙe ka ka koya mata "yaren Afirka", har ka fara tunanin ko gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa Amurkawa ba su san komai a bayan iyakarsu ba, kuma ko raina sauran duniya al'adarsu ce. Ka kuma nemi sanin yadda baƙo zai amsa irin wannan tambaya bai zubar da mutuncinsa ko na mai tambayar ba.

Maganar tana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. A shekarar 2006 ƙungiyar National Geographic ta gwada matasan Amurka masu shekara 18 zuwa 24, aka tarar kashi 63 cikin 100 sun kasa nuna Iraƙi a taswira, alhali sojojin ƙasarsu sun shekara uku suna yaƙi a can. Sai dai a wannan gwajin kuma rabinsu sun kasa nuna jihar New York a taswirar ƙasarsu, kuma mutum ba ya jahiltar gidansu saboda raini. Abin daga makaranta ya faro. Ba su da manhaja guda ta ƙasa baki ɗaya, kowace jiha cikin 50 ita ke tsara abin da za a koyar, kuma a wurare da yawa an cusa labarin ƙasa cikin darasin zamantakewa, inda tarihin Amurka ke cinye mafi yawan lokaci. Jami'ar Harvard ma ta rufe sashenta na labarin ƙasa tun 1948.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne, buƙata ce ke koya wa mutum hanya. Kakanninmu sun san hanyar Gwanja har Salaga saboda fataucin goro, sun san ta gabas, ta Chadi da Sudan, saboda aikin hajji a ƙasa, kuma ba a aji suka koye su ba. Mu kuma tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 kunnenmu ke manne da rediyo, shi ya sa za ka ji ana tattauna zaɓen Amurka a teburin mai shayi, domin shawarar da aka yanke a Washington tana iya taɓa farashin man fetur da darajar kuɗin da ke aljihunmu. Ba'amurke bai taso da wannan larura ba. Ƙasarsa ta ninka Nijeriya kusan sau goma a faɗi, teku ya tsare ta gabas da yamma, maƙwabtanta ta tudu biyu ne kacal, Kanada da Meksiko, kuma yana iya kwana huɗu yana tuƙi daga wannan gaɓa zuwa waccan bai sauya harshe ko kuɗi ba. Kafin 2009 ko fasfo ba ya buƙata idan zai tsallaka Kanada ta mota. A farkon shekarun 1990 masu fasfo a cikinsu ba su kai ɗaya cikin goma ba, yanzu kuwa sun kusa rabi.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Duk farar fata Bature muke ce masa, ko daga Rasha ya fito ko daga Ajantina, kuma mutum nawa ne a unguwarmu ke cewa kana "Turai" ne alhali kana wata nahiya dabam?

Inda ba na yi musu uzuri shi ne wajen shugabanni. A watan Oktoban 2017 an kashe sojojin Amurka huɗu tare da wasu na Nijar a wani kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo, sai ga sanata Lindsey Graham, wanda a lokacin yake cikin kwamitin harkokin soja na majalisar dattawan Amurka, yana faɗa a talabijin cewa bai san ƙasarsa na da dakaru masu yawa haka a Nijar ba. A lokacin kuwa ana cikin gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez. Rashin sanin ɗalibi a kansa yake tsayawa, amma na wanda ke sa hannu a kuɗin yaƙi a kan talakawan wasu ƙasashe yake sauka, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Duk da haka kada ka yi musu kuɗin goro. Tun da aka kafa Peace Corps, shirin gwamnatin Amurka na tura 'yan sa-kai aiki a ƙasashen waje, a 1961 matasansu suka riƙa zuwa ƙasashenmu, a Nijar sun yi aiki daga 1962 har 2011, da yawa sun koma da Hausa a bakinsu. Farfesa Paul Newman yana cikin ayarin farko da ya zo Nijeriya, daga baya ya koyar a Kano, ya kuma shafe rayuwarsa yana nazarin nahawun harshenmu.

Game da amsar da za ka bayar, tarbiyyarmu ba ta yarda baƙo ya kunyata mai masauki ba, kuma wanda ya yi tambaya ya riga ya nuna yana son sani. Ka zaunar da shi, ka buɗe taswira a wayarka, ka nuna masa kogin Kwara wanda ƙasashen biyu suka samo sunansu daga sunansa na Turanci, ka gaya masa ɗaya Faransa ce ta mulke ta, ɗayar Ingila, kuma mutumin Katsina da na Maraɗi harshensu ɗaya, da yawa ma dangi ne. Ita kuma yarinyar ka sanar da ita cewa Afirka ƙasashe 54 ne, Nijeriya kaɗai tana da harsuna fiye da 500, sannan ka koya mata gaisuwar Hausa. Wanda ka ga izgili ya kawo shi, ka ba shi amsa a taƙaice cikin natsuwa ka wuce, kada ka tsaya jayayya. Kai ma ka tambaye su labarin jihohinsu, domin ina zaton kafin ka tafi ba ka san inda Nebraska take ba.

Ka rubuto mini abin da abokin naka ya ce bayan ya ga taswirar. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka.